Gwanjon tsofaffin rediyoyi: tambayoyi da amsoshi kan ladabin kai wa abokai labarin kaya

Duk wanda ya daɗe yana farautar tsofaffin akwatunan rediyo ya san wannan halin. Kana kwance da dare kana latse-latsen waya, sai ga Grundig Satellit ko Sony ICF-2001D an sa a gwanjon intanet, farashin bai taka kara ya karya ba, saura kwana uku a rufe. Sai zuciya ta rabu biyu, ɗaya ta ce faɗa wa 'yan'uwa, ɗaya ta ce yi gum da bakinka. Tambayoyin da ke ƙasa wasu abokan sha'awa ne suka yi mini su, wasu kuwa ni na yi wa kaina bayan na ji a jikina.

Shi gwanjon intanet ɗin yaya yake tafiya?

Wanda ya fi shahara a wurin masu tara rediyo shi ne eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995. Mai kaya zai sa hoto da bayani da farashin farawa, ya zaɓi kwanakin da gwanjon zai ɗauka, galibi bakwai. Kai mai saye ba sai ka zauna kana ƙara sisi-sisi ba. Za ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, na'ura ta ɓoye shi, ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya taya, har a kai iyakar taka. Lokaci na cika, wanda tayinsa ya fi yawa ya ɗauka. Babu mai ƙararrawa, babu "ɗaya, biyu, uku". A gwanjon Yahoo na Japan kuwa mai kaya na iya sa a ƙara minti biyar duk sa'ad da aka taya dab da rufewa, wanda ya fi kama da gwanjon da muka saba gani a fili.

Na ga rediyo mai kyau a gwanjo. Laifi ne in sanar da abokai?

Ba laifi ba ne, amma ka san rigar da ka sa. Da zarar ka ce wa mutane "ga kaya can", ka zama dillali, ko da ba ka karɓi la'ada ba. Maganarka na iya ɗaga farashi, tana iya sa wani ya zuba kuɗin da ya tara wata da watanni, tana iya ɓata wa wani cinikin da ya yi kwana biyar yana fako.

Masu sha'awar nan sun daɗe da rabuwa a kan wannan. Wasu na ganin kasuwa a buɗe take, abin da ke gaban idon duniya ba sirri ba ne, kuma mai kaya ma yana da hakkin a ga hajarsa. Wasu na cewa wanda ya sha wahalar tono abu a lungu bai kamata a tara masa jama'a a ka ba. Ni ina tsakiya, amma na fi karkata ga wannan: abin da ba kasafai ake samu ba, kuma ka san akwai mai nemansa a cikinku, kai masa labari shi kaɗai tukuna. Idan ya ce ba ya so, sai ka baza. Abin da kullum yana nan, irin su Tecsun PL-660 ko ƙananan Panasonic, ba ya buƙatar shela kwata-kwata, kowa ya san hanyar kasuwa.

To idan na san wani ɗan'uwa ya riga ya taya fa?

Nan ne ake yawan samun ɓacin rai. Mun taso da jin cewa ba a tayi a kan tayin ɗan'uwa, kuma haka ne, amma malamai sun bambanta cinikin da aka riga aka daidaita, mai kaya ya karkata ga mai saye, da gwanjo wanda dama an kafa shi ne don a yi ta ƙari. A gwanjo ƙarin ka halal ne. Sai dai akwai abin da ya halatta amma kara ta hana. Idan abokinka ya shekara uku yana neman Zenith Trans-Oceanic irin wanda mahaifinsa ya yi sauraro da shi, kai kuwa kana da biyu a kan kanta, ka shiga ka doke shi da dala biyar, ba ka ci haram ba, amma gobe da wane ido za ka dube shi a majalisa?

Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne kira ɗaya. "Malam, na ga kana bin wannan, har ina za ka kai?" Idan iyakarsa ta wuce taka, ka janye. Idan taka ta wuce tasa nesa, ka gaya masa gaskiya, domin ko ba kai ba wani a Jamus ko Ostireliya zai ɗauke. Wannan tsakanin mutum biyu ne. Amma a haɗa kai mutum goma a ce kowa ya janye don kaya su faɗi ƙasa warwas, a saya a raba riba, wannan zaluntar mai kaya ne, kuma a ƙasashe da dama doka ta hana.

Kayan nawa ne, ko na ƙanina. Zan iya tallata su?

Ƙwarai, muddin ka faɗi haka a jimlar farko. "Nawa ne, na sa shi a gwanjo." Shi ke nan. Abin da ke zubar da mutunci shi ne ka zo da fuskar mai ba da shawara, "kai jama'a, ku ga wani abin mamaki da na tsinta", alhali kai ne mai shi. Ana ganewa. Tabarmar da ke cikin hoton ma ta isa ta tona ka.

Kuma sau ɗaya ya isa, ko biyu in za a rufe. Wanda kullum da safe sai ya tuna wa mutane saura kwana huɗu, saura uku, saura biyu, ya mai da zumunci kasuwa.

Abokina ya ce in ɗan taya a kayansa don farashi ya motsa, ba sai na saya ba. Ya halatta?

A'a. Wannan shi ne najashi, tayin da ba a yi shi da niyyar saye ba sai don a ruɗi wani ya ƙara, kuma hadisi ya hana shi ƙarara. Dokar eBay ma ta hana, suna rufe asusun wanda suka kama. Idan abokinka yana tsoron kayansa su tafi a banza, ya fara da farashin da zai iya sallamawa, ko ya sa iyakar da in ba a kai ba babu ciniki. Hanyar tana nan a buɗe, ba sai an yi algus ba.

Me ya kamata in haɗa da labarin in zan kai wa mutane?

Nan ne amfaninka yake. Adireshin shafi tsurarsa kowa zai iya turawa. Abin da mai sha'awa na gaske ke ƙarawa shi ne abin da hoton bai faɗa ba.

Fara da wuta. Amurka na amfani da bolt 120, Japan 100, mu kuwa a Najeriya da Nijar muna tsakanin 220 da 230. Rediyon da aka ƙera don kasuwar Amurka, in ba shi da maɓallin sauya wuta a baya, aka soka shi a bangonmu kai tsaye, ƙauri kawai za a ji. Sai an haɗa shi da taransifoma mai rage wuta, kuma kuɗinta na cikin lissafi.

Sai zango. A nahiyar Amurka tashoshin matsakaicin zango suna da tazarar kilohaz 10 a tsakaninsu, a Afirka da Turai da Asiya kuwa 9 ne. Rediyo mai allura bai damu ba, murɗawa kake yi har murya ta fito. Amma mai lambobi wanda ba a iya sauya masa taku, zai tsallake daga 590 zuwa 600, ya bar 594 inda aka san Rediyon Najeriya Kaduna a tsakiya. Tsofaffin rediyoyin da aka yi don cikin gida a Japan kuma FM ɗinsu daga megahaz 76 zuwa 90 yake, namu kuwa daga wajen 88 ne zuwa 108, ka ga kusan duk tashoshin garinku ba za su shigo ba. A gajeren zango ka duba ko yana da mita 16 da 19 da 13, domin wasu tsofaffin ba su da su, kuma da rana waɗannan mitocin ne ke aiki.

Sai nauyi. Collins R-390A, wanda sojojin Amurka suka yi amfani da shi tun shekarun 1950, masu tara rediyo na yi masa kallon sarki, amma ya kusa kilo 39. Kuɗin dakonsa zuwa Kano ko Maraɗi, da kuɗin fito, na iya ninka abin da aka saye shi. Da yawa daga masu sayarwa ma ba sa aikowa Afirka ta Yamma, sai ka bi ta hannun wani. Wanda ya ce maka "araha ne" bai haɗa da wannan ba, rabin labari ya ba ka.

In ka san ciwon da ƙirar ta saba yi, faɗe shi. ICF-2001D, wanda a Amurka ake kira ICF-2010, ya fito a 1985 kuma har yau ana yabon yadda yake tace murya, amma yana da wani ɗan taransisto a bakin eriya da ke ƙonewa in an haɗa doguwar waya a lokacin hadari. Rediyon zai kama, zai yi magana, amma ya kurumce, sai manyan tashoshi kawai yake ji. Ƙaramin ICF-SW1 kwandansarsa, wato 'yan kayan cikinsa masu riƙe wuta, ke yoyo. ICF-SW100 siririyar wayar da ke maganaɗin murfinsa ke tsinkewa. Trans-Oceanic na shekarun 1950, irin H500, yana da wani bawul, wato kwalbar gilashi mai kama da kwan fitila da tsofaffin rediyoyi ke aiki da ita, mai lamba 1L6 wanda ya yi wuya ya yi tsada. Wanda ya san waɗannan ya yi shiru, bai kyauta ba.

Mai kaya ya rubuta "ban gwada ba". Me ake nufi?

Wani lokaci gaskiya ce, ɗan mamaci ne ya tsinci abu a ɗakin ajiya bai san kansa ba. Amma mutumin da ya sayar da rediyo ɗari biyu, yana da batir a aljihun tebur, ya ce bai gwada ba, to ya gwada.

Na taɓa faɗawa. Yaesu FRG-7 ne, wanda Turawa ke wa laƙabi da kwaɗo, ƙirar 1976. Hotuna shida, fuska tas, lambobi suna sheƙi, babu ko ƙwarzane. Wani abokina ne ya nuna mini, ya ce "wannan naka ne, Alhaji", ni kuma ban tsaya tambaya ba. Bayan mako bakwai kwali ya iso. Na ɗora a tebur, na zaro akwatin batir na baya, sai wani farin gari mai kore-kore ya zubo mini a cinya. An bar batura a ciki shekara da shekaru sun fashe, ruwan ya ci ƙarfen ya gangara har kan allon. Sai a lokacin na koma na ƙirga hotunan: gaba, gaba, gefe, gefe, sama, gaba. Babu baya ko ɗaya. Mai gyaran da na kai wa ya juya shi, ya shinshina, ya ce "Alhaji, wannan ai sai dai a ci naman a bar ƙashi." Maɓallansa da lasifikarsa suna jikin wani rediyon yanzu.

Ban riƙe abokina a zuci ba, da kyakkyawar niyya ya yi. Amma tun ranar, in zan nuna wa wani kaya, sai na ce masa "ba a nuna ɗakin batir ba, ka nemi hoto". Kuma in tsohon mai bawul ne aka ce ba a gwada ba, gara haka da a ce "na soka ya kawo wuta". Rediyon da ya yi shekara arba'in a kwance ba a tashinsa da cikakkiyar wuta lokaci ɗaya, masu gyara kan sa kwan fitila a layin wutar don in akwai matsala kwan ya ɗauke nauyin. Wasu ƙananan na Amurka marasa taransifoma ma ƙarfen cikinsu na iya ɗaukar wuta ya ja mutum.

Na ga alamar damfara. In fito in faɗa?

Faɗa, amma faɗi abin da idonka ya gani, kada ka yanke hukunci. "Wannan hoton na gan shi a wani gwanjo bara" magana ce da za a iya bincika. "Wannan mutumin ɓarawo ne" ƙazafi ne in ba ka da hujja, kuma wataƙila shi ne ya sayi kayan bara yake sake sayarwa.

Alamun da ke sa in ja baya ba su da yawa. Sabon asusu da kaya mai tsada. Mai kaya da ya ce a bar dandalin a biya shi ta gefe zai rage, wanda da zarar ka yi haka ka fita daga duk wata kariya. Saƙon da ke zuwa bayan an rufe gwanjo, wai wanda ya ci ya fasa, turo kuɗi nan. Maganin mafi yawansu ɗaya ne: ka ce a kunna rediyon, a kai shi lambar da kai ka zaɓa, a ajiye takarda mai kwanan watan yau a gefe, a ɗauko. Mai kaya a hannu minti biyu zai yi. Marar kaya sai ya fara labarin tafiya.

Farashin da aka sa ya yi hauka. Ba zan iya yin dariya ba?

Yi a cikinka. Sau da yawa wanda ake yi wa dariyar yana cikin masu ji, ko wanda ya saya yana nan ya yi shiru. In wani ya tambaye ka, nuna masa abin da irin kayan suka tashi a gwanjon da aka riga aka rufe, domin kuɗin da aka nema daban, wanda aka biya daban.

Tayi a daƙiƙar ƙarshe ba ha'inci ba ne?

Ba ha'inci ba ne, dabara ce, kuma eBay bai hana ba. Mutum ya jira saura daƙiƙa biyar ya jefa tayinsa don kada a samu lokacin mayar masa. Yana da ciwo, na sani, ka kwana kana kan gaba ka tashi ka tarar an wuce ka. Amma in da ka rubuta iyakarka ta gaskiya tun farko, wanda ya wuce ka ya biya abin da kai ba za ka biya ba ne. Inda abin ke zama rashin kara shi ne kai ka nuna wa mutum kaya, ka ce ba ka so, ka ji iyakarsa daga bakinsa, sannan ka laɓe ka doke shi. Wannan cin amana ne.

Na'urorin aika magana fa, irin oba-oba da manyan na masu sha'awar magana da juna ta rediyo?

Akwatin sauraro daban, na aikawa daban. Mai aikawa galibi sai da lasisi. Masu lasisi suna da lambar kira, ta Najeriya na farawa da 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. In za ka kai labarin irin wannan kaya, ka faɗi cewa mai aikawa ne, kada wani ya saya yana zaton na jin labarai ne. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, a ga oba-oba a jakar mutum a shingen bincike ba tare da takarda ba, ba ƙaramin bayani zai yi ba. Kada ka jefa ɗan'uwa a wannan don araha.

Wani dattijo ya rasu ya bar rediyoyi. Magada ba su san darajarsu ba. Yaya za a yi?

A ƙasarmu wannan ya fi gwanjon intanet faruwa. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidaje da yawa sun ga rediyo iri-iri, kuma akwai dattawan da ba su taɓa yar da ko ɗaya ba. A ɗakin irinsu za ka tarar da tsohon National, da Philips mai akwatin katako, wani lokaci har da Barlow Wadley XCR-30 ɗan Afirka ta Kudu, wanda masu tarawa a Turai ke nema ido rufe. 'Ya'ya na ganin tarkace ne, saura kaɗan a ba 'yan gwangwan.

Ka bari a share makoki tukuna. Ba a zuwa gaisuwa da idon ciniki. Bayan nan, in kana so, gaya musu gaskiyar abin da kayan za su iya yi a kasuwa, sannan ka faɗi abin da kai za ka iya bayarwa, ko da bai kai ba. Sau da yawa za su sallama maka, don sun fi son abin Baba ya je hannun wanda zai kunna shi. Kuma ka tabbata wanda ke sayarwa yana da izinin sauran magada, musamman in akwai marayu ƙanana, domin wannan dukiyar gado ce ko da ta yi ƙura. In ba ka so, haɗa su da wanda zai yi musu adalci, kada ka kai labarin wurin wanda ka san zai ba su kuɗin goro ya juya ya sa a gwanjo da dala.

In na haɗa ciniki, ina da la'ada?

In an yi maganarta tun farko, kuma kowane ɓangare ya sani, e. Akwai kuma adireshin da ake maƙala wa alama, wanda in an saya ta hanyarsa dandalin ke ba wanda ya turo wani kaso. Ba haram ba ne, amma ka faɗa, don mai karɓar shawararka ya san kana da rabo a ciki.

Na nuna wa mutum kaya, ya saya, ya zo a lalace. Ina da alhaki?

Kuɗinsa ba ya wuyanka in ba ka ɓoye komai ba, amma kada ka ɓace. Taimaka masa ya buɗe ƙorafi a dandalin kafin wa'adin ya wuce, ku ɗauki hoton kwalin da na ɓarnar tun kafin a taɓa komai, kuma kada a kai wa mai gyara ya buɗe sai an gama magana da mai kaya, domin da zarar an sa ƙarfe an kwance, zai ce ku kuka ɓata. In babu mafita, raka shi wurin gyara. Abokina da ya nuna mini FRG-7 ɗin nan haka ya yi, shi ya ɗauke ni a babur ɗinsa, kwalin a tsakaninmu, kuma shi ya biya kuɗin dubawa kafin in sa hannu a aljihu.